Rigimar takun farashi: daga tumunin dala zuwa 0.25 na Shikago

1/
A 1997, cikin abin da bai cika wata biyar ba, manyan kasuwannin kuɗi biyu na Amurka suka yi hannun riga. Niyu Yok ta raba takun farashinta gida biyu, Shikago kuma ta ninka nata. Ƙasa ɗaya, shekara ɗaya, kusan kaya ɗaya. Ku gyara zama, zaren nan yana da tsawo 🧵

2/
Mu fara da kalmar. Taku shi ne mafi ƙanƙantar abin da aka yarda farashi ya motsa da shi, sama ko ƙasa. 'Yan kasuwar suna ce masa "tik". Idan takun kaya naira 50 ne, daga 1,000 sai 1,050. Babu 1,020, ko da kai da mai kayan kun shirya a kai.

3/
Kun ma san abin, suna ne kawai ba ku sa masa ba. Tun da naira biyar da naira goma suka daina sayen komai, farashin fiya wata da ashana ya koma tsalle. Abin da ya kamata a ƙara masa naira uku sai a ƙara goma ko ashirin, wai babu canji. Ragowar nan fa ba iska take bi ba, aljihun wani take shiga.

4/
A kasuwar hannun jari ma ciniki ne irin wanda muka sani. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka. Tsakanin tayi mafi tsoka da farashin da mai kaya mafi sauƙi zai sallama akwai rata. Dillalin da ke tsaye da kuɗinsa yana saye a kan tayi, ya juya ya sayar a sama, ratar ce abincinsa.

To ratar nan ba ta iya yin ƙasa da taku ɗaya. Ke nan duk wanda ya yanka taku, shi ya yanka wa dillali mafi ƙarancin la'adarsa. Ku riƙe wannan, duk rigimar a kansa take.

5/
Asalin labarin azurfa ce. Kafin Amurka ta tsaya da ƙafarta, kuɗin da ya fi yawo a hannun mutanenta dalar Sifaniya ce, wadda ake bugawa a Meksiko da Potosí ta Boliviyar yau. Darajarta "real" takwas. Riyal ɗin da alhazai ke canzawa, daga nan sunansa ya fito.

6/
In babu canji, sai a sa kurfi a datsa dalar: rabi, kwata, har gida takwas. Ɗaya bisa takwas, wato tumuni, kamar dai yadda kuka sani a tumunin takaba. Wannan dala ta ci gaba da zama halastaccen kuɗi a Amurka har 1857.

7/
Ranar 17 ga Mayu 1792 dillalai 24 suka sa hannu a wata yarjejeniya a Wall Street, wadda daga ita kasuwar hannun jari ta Niyu Yok ta tsiro. Lissafin tumuni suka gada, kuma shi aka yi ta ja kusan shekara 200. Tumunin dala senti 12.5 ne. A hannun jarin dala 10, ka saya ka sayar nan take, kashi 1.25 cikin ɗari ya tafi tun kafin a zo maganar kamasho.

8/
Abin dariya: mu nan mun sallami fam da sule da sisi da taro tun 1 ga Janairu 1973. Wall Street, da duk kwamfutocinta, sai da ta ƙara shekara 28 tana rubuta farashi da "bisa". Ba don lissafi ya gagare su ba ne. Ruwa ba ya tsami banza.

9/
Asiri ya tonu a 1994. Malaman jami'a biyu, William Christie da Paul Schultz, suka duba farashin manyan kamfanoni 100 da aka fi cinikinsu a kasuwar Nasdaq. Sai suka ga a 70 daga ciki kusan ba a taɓa ganin 1/8, 3/8, 5/8 ko 7/8. Kullum kwata, rabi, uku bisa huɗu.

10/
Ka gane abin da ke nan? Doka ta ce taku tumuni ne, dillalai suka mayar da shi kwata a tsakaninsu. Rata ta koma senti 25 maimakon 12.5. Kamar a ce duk masu shagon layinku sun wayi gari babu mai karɓar naira hamsin, sai ɗari, kuma kowa ya ce shi bai haɗa baki da kowa ba.

11/
Jaridu suka buga labarin a 26 da 27 ga Mayu 1994. A ranar 27 ɗin, dillalan Microsoft da Cisco da Amgen suka tuna ashe akwai tumuni a duniya. Rata ta faɗi kusan rabi. Ranar ciniki ta gaba na Apple suka bi sahu. Biri ya yi kama da mutum.

Ƙarshenta kamfanonin dillanci sama da 30 suka yarda su biya fiye da dala biliyan 1 don a kashe ƙarar da masu zuba jari suka shigar.

12/
Daga nan kiɗa ya canza. A Yunin 1997 Nasdaq da Niyu Yok suka sauko zuwa ɗaya bisa sha shida, senti 6.25. A 2001 aka watsar da "bisa" gaba ɗaya, taku ya koma senti ɗaya: Niyu Yok a 29 ga Janairu, Nasdaq a 9 ga Afrilu. Daga 12.5 zuwa 1 cikin shekara huɗu.

13/
Wannan ɓangaren hannun jari ke nan. Yanzu mu hau jirgi zuwa Shikago, inda ainihin maganarmu take. Can ba hannun jari ake sayarwa ba, alkawari ake sayarwa: kwantiragin nan-gaba. Da masara da alkama da naman alade garin ya yi suna kafin ya shiga harkar kuɗi.

14/
Kwantiragin nan-gaba a kan ma'aunin hannayen jari yana nufin ni da kai mu tsayar da farashi yau a kan inda ma'auni irin S&P 500 zai kasance a Maris, Yuni, Satumba ko Disamba. In ya haura abin da muka tsayar, mai sayarwa ya biya bambancin. In ya gaza, mai saye ya biya. Babu kayan da ake miƙawa, kuɗi ne kawai ke sauya hannu. Asusun fansho da kamfanonin inshora suna amfani da shi su kare dukiyarsu in kasuwa za ta zube.

15/
Na san tambayar da ke tafe, bari in tare ta. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar OIC, a zamanta na Jidda a 1992, ta ce saye da sayar da ma'auni bai halatta ba, ta ɗauke shi caca. Su kansu Amurkawa sun daɗe da dokokin jihohi da ke kallon cinikin da babu miƙa kaya a matsayin caca. Ni tarihi nake bayarwa, ba fatawa ba, ba kuma sigina ba.

16/
Sai da shugabannin hukumomi biyu, John Shad na SEC da Philip Johnson na CFTC, suka raba iko a ƙarshen 1981 kafin hanya ta buɗe. Kansas City ta riga kowa a 24 ga Fabrairu 1982 da ma'aunin Value Line. Kasuwar CME ta Shikago ta fito da na S&P 500 a 21 ga Afrilu, nan da nan ta shanye kasuwar.

17/
Tsarin farko: kowane maki ɗaya dala 500, taku 0.05, wato dala 25. Ma'aunin yana wajen maki 115 a lokacin, kwantiragi guda bai kai dala 60,000 ba.

18/
Ku hango wurin. Wani rami ne mai matakala, ɗaruruwan ƙarti cikin riguna masu launi, ana ihu ana alama da hannu. Tafin hannu ya kalle ka, saye kake. Ya kalli waje, sayarwa kake. Da yawansu da kuɗinsu suke ciniki, su saya a tayi su sayar taku ɗaya a sama, sau ɗaruruwa a wuni.

Abin da za ku lura da shi: mutanen ramin nan su ne masu kasuwar. Kujera suke saya, su zaɓi shugabanni, shugabanni su yanka taku.

19/
Zuwa 1997 ma'aunin ya wuce 900. Kwantiragi guda ya doshi rabin dala miliyan, ƙaramin ɗan kasuwa ya kasa ɗauka. Taku kuwa yana nan 0.05, sai ya zama la'adar mutanen rami ta tsuke in an gwada da girman haɗarin da suke ɗauka. Ga kuma kishiya: maƙwabciyarsu CBOT ta samu lasisin fito da kwantiragi a kan ma'aunin Dow Jones, sunan da kowane Ba'amurke ya sani.

20/
CME ta mayar da martani biyu. Na farko, 9 ga Satumba 1997: E-mini. Ƙaramin kwantiragi, dala 50 a kowane maki, ba a rami ba, a kwamfuta, kan manhajar Globex. Takunsa 0.25, wato dala 12.50. Tsohon tumunin Wall Street senti 12.5, wannan dala 12.5. Dacewa ce kawai, amma tana ba ni dariya.

21/
Na biyu, 3 ga Nuwamba: aka raba babban kwantiragin biyu, maki ya koma dala 250, aka kuma ninka taku zuwa 0.10. A ido taku yana nan dala 25, kamar ba a taɓa komai ba. Amma wanda jiya yake sayen guda ɗaya, yau sai ya sayi biyu kafin ya samu abin da yake samu. Mafi ƙarancin ratar da zai biya ta tashi daga 25 zuwa 50.

22/
Masana uku, Bollen da Smith da Whaley, sun bi diddigin wannan sauyi a wani bincike da ya fito a 2003. Abin da suka gani: rata ta ƙaru, kuma gyaran ya fi yi wa 'yan gida daɗi a kan masu kawo ciniki. Amsar tambayar da na buɗe zaren da ita ke nan. A Niyu Yok hukuma da kotu da jarida suna tsaye a kan dillalai. A Shikago dillalan ne ke riƙe da alƙalami.

23/
Ku sake duba E-mini. Biyar ɗinsa ne daidai da babban guda ɗaya. Taku ɗaya a babba dala 25, a ƙanana biyar dala 62.50. Ninki biyu da rabi. A nawa karatun, an yi wa ɗan kwamfuta takalmi mai nauyi ne don kada ya tsere wa yayansa na rami.

24/
Ya tsere ɗin kuwa. Cikin 'yan shekaru ciniki ya kwashe ya koma allo, aka wayi gari farashin duniya a E-mini ake fara ganinsa. Babban kwantiragin ya yi ta ramewa, korona ta rufe ramin a Maris 2020, aka binne shi a Satumban 2021. Mutanen da aka yi wa katangar sun watse. Katangar, 0.25, tana nan.

25/
A 2005 Alexander Kurov da Tatyana Zabotina suka fito da bincike a kan tambayar kai tsaye: lokaci bai yi ba da za a rage takun E-mini? Hujjarsu mai sauƙi ce. Ratar kusan kullum tana manne a taku ɗaya. In ka ga farashi ya kwanta a kan iyakar da aka gindaya masa ba ya ɗagawa, to so yake ya sauka, iyakar ce ta tare shi.

26/
Misali. Tayi 6000.00, mai sayarwa 6000.25. Kai ka yarda ka biya 6000.10, akwai kuma wanda zai sallama a haka. Ba hali. Ko dai ka bi layin masu 6000.00 a bayan ɗaruruwan kwantiragi, ko ka haɗiye ka biya 6000.25.

27/
Layin nan shi ne inda abin ya fi ban sha'awa. A E-mini wanda ya riga zuwa shi ake fara sallama. Tun da an hana ka wuce abokin hamayya da farashi, sai ka wuce shi da gudu. Shi ya sa kamfanoni ke biyan maƙudan kuɗi su ajiye na'urorinsu a gini ɗaya da injin CME a garin Aurora, kusa da Shikago. Kuɗin da ya kamata mai ciniki ya samu a matsayin rangwame, sai ya tafi wajen sayen waya da eriya.

28/
CME ta ji rabin maganar. A Afrilun 2006 ta rage takun E-mini na Nasdaq-100 daga 0.50 zuwa 0.25, daga dala 10 zuwa 5. Kurov ya koma ya auna, ya ga kuɗin da mai ciniki ke asara a rata ya ragu. Na S&P kuwa, saniyar tatsa, ba a taɓa shi ba.

29/
Mu yi lissafin bayan ambulan, nawa ne ba na kowa ba. E-mini na S&P yana cinikin sama da kwantiragi miliyan 1 a rana. A ce kowanne ya biya rabin taku, dala 6.25. Dala miliyan 6.25 ke nan kullum. Da taku 0.10 ne, da miliyan 2.5 ne. Bambancin a ranakun ciniki 250 ya haura dala miliyan 900 a shekara.

30/
Amma kada mu yi lissafin dokin Rano. Akwai ɗaya ɓangaren, kuma ba 'yan kare tuwonsu ne kaɗai ke faɗa ba.

31/
Da aka koma senti ɗaya a 2001, rata ta tsuke, mai sayen hannun jari 100 ya ji daɗi. Amma kayan da ke jibge a farashi mafi kyau suka ragu sosai. A da ka ga dubbai a wuri guda, yanzu 'yan ɗaruruwa a nan, 'yan ɗaruruwa a can. Mai babban saye sai ya yi ta hawa matakala kafin ya cika buhunsa, kowa kuma ya gane shi tun yana kan hanya.

32/
Ga kuma tsallaken layi. Ka fito fili ka ce zan sayi dubu goma a dala 20. Wani ya gani, ya taya 20.01, ya sha gabanka da senti ɗaya. In farashi ya hau ya ci riba, in ya juyo ya sauke maka a 20, asararsa senti ɗaya. Da kai ya yi garkuwa. An yi maka haka sau uku, za ka sake nuna hannunka? Sai manya suka koma ɓoye odarsu, ko su yanka ta gutsi-gutsi.

33/
Saboda haka a 2005 SEC ta ja birki: hannun jarin da ya kai dala 1 ba a taya shi da ƙasa da senti ɗaya. Hukumar da ta tura a rage ita ce ta dawo ta kafa ƙasa. A Japan ma kasuwar Tokyo ta rage takun manyan kamfanoni 100 a 2014, a 2015 ta mayar da wani sashe baya don an zarce.

34/
Su ma masu son babban taku an ba su filin gwaji. Sun ce tun da la'ada ta mutu dillalai suka daina kula ƙananan kamfanoni. Daga Oktoban 2016 aka ɗauki ƙananan kamfanoni wajen 1,200 aka mayar da takunsu senti 5 na shekara biyu. Rata ta faɗaɗa, masu saye suka biya ƙari, cinikin da aka yi alkawari bai zo ba. A Satumban 2018 aka naɗe tabarmar, ba wanda ya yi kuka.

35/
Babbar hujjar masu kare 0.25 ita ce zurfi: dubi yadda oda take jibge a kowane mataki, ko asusun fansho ya zo da dubu zai samu. Gaskiya ne, a ranar da garin yake lafiya.

36/
6 ga Mayu 2010 garin bai kwana lafiya ba. Wani asusun zuba jari ya saki odar sayar da E-mini 75,000, kimanin dala biliyan 4.1, ta hannun na'ura, a ranar da kasuwa take cikin firgici kan bashin Girka. Rahoton SEC da CFTC ya nuna odar masu saye ta zube zuwa ƙasa da kashi 1 cikin ɗari na abin da take da safe. Sai da injin CME ya tsayar da ciniki na daƙiƙa 5 kafin farashi ya farfaɗo. Takun yana nan 0.25, bai riƙe kowa ba.

37/
Kuma ba duk abin da ke layin ne na gaske ba. Navinder Sarao, daga ɗakinsa a gidan iyayensa a Hounslow ta Landan, ya shekara da shekaru yana jibga manyan odar sayarwa a E-mini don ya tsorata mutane, ya janye kafin a iso kansu. An kama shi a 2015, ya amsa laifi a 2016. Dogon layi wurin ɓuya ne mai kyau ga wanda bai zo saye ba.

38/
To yanzu abin da mutane suka fi mantawa. An rage takun E-mini, ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

A Satumban 1997 ma'aunin yana wajen 930, 0.25 ya zama kusan kashi 0.027 cikin ɗari. A Nuwamban 2024 ya haye 6,000, taku ɗaya ya koma kashi 0.004. Ya ƙanƙance fiye da sau shida. Kwantiragin da yake dala 46,000 da 'yan kai ya zama na 300,000, taku yana nan dala 12.50.

39/
Matsalar ita ce ragin na sa'a ne, kuma yana juyawa ta baibai. A Maris 2009 da ma'aunin ya faɗo 676, takun ya yi nauyin da ya fi na ranar haihuwarsa. Wato lokacin da mutane suka fi neman hanyar fita, lokacin ƙofar ta fi tsada.

40/
Wasu wuraren sun magance wannan da ƙa'ida. A Turai tun 2018 takun hannun jari yana bin farashinsa da yawan cinikinsa. Ko kasuwar Legas, a Janairun 2018, hawa uku ta yi: ƙasa da naira 5 kwabo 1, daga 5 zuwa ƙasa da 100 kwabo 5, daga 100 zuwa sama kwabo 10. Kasuwar ta kuma fara nata kwantiragin nan-gaba a kan ma'aunin NGX 30 a Afrilun 2022, don haka tambayar nan tamu ce ita ma.

41/
Yaya ƙaramin taku yake in ya yi yawa? Ba sai an je nesa ba, a gidan CME ɗin yake. Nasdaq-100 yana wajen 1,700 da aka rage takunsa a 2006. A 2024 ya wuce 20,000, taku yana nan 0.25. Wanda ya taɓa kallon allonsa ya san yadda yake: 'yan kwantiragi ƙalilan a kowane mataki, rata tana buɗewa taku biyu, uku, farashi yana ɓari kamar mazari. Takun ya daina riƙe komai.

42/
Masu danna US500 da NAS100 a waya, wannan ya shafe ku fa. Ba a Shikago kuke ciniki ba, da dillalinku kuke yi, amma farashin da yake nuna muku daga can yake ɗebowa, ya ɗora tasa ratar a kai. Shi kuma babu wanda ya yanka masa iyaka ta sama.

43/
Ra'ayina. A 2005 amsar "eh" ce babu kwana-kwana, kuma ƙin yin ya ci wa masu ciniki kuɗi na shekaru. Yau amsar "eh, amma kaɗan" ce. A sauko 0.10, a tsaya nan. Masu kiran 0.05 ko 0.01 su fara leƙa allon Nasdaq tukuna.

44/
Me ya sa 0.10? Babban kwantiragin rami a kansa ya yi rayuwarsa daga 1997 har ya mutu, sama ba ta faɗo ba. Sannan akwai SPY, asusun da ke bin S&P 500 sau da ƙafa, wanda ake cinikinsa kamar hannun jari. Farashinsa kusan ɗaya bisa goma na ma'aunin ne, takunsa senti ɗaya, wanda ya yi daidai da maki 0.10. Kaya ɗaya, kasuwa biyu, ɗaya tana auna shi da cokali ɗaya da ludayi. Ita kanta CME, ga mai mirgina kwantiraginsa daga wata zuwa wata, ta daɗe tana barin 0.05.

45/
Wanda ya ce a raba 0.25 biyu kawai a huta, ya lissafa: 0.125 ne. Tumuni ya dawo ta taga 😅 Dama bai mutu ba. Kwantiragin takardun bashin gwamnatin Amurka har yau da ɗaya bisa 32 ake rubuta shi, kuma a Janairun 2019 CME ta rage takun na shekara biyu zuwa tumunin ɗaya bisa 32.

46/
Wannan ya nuna ba iyawa ce ta gagara ba. Ta rage na Nasdaq a 2006, ta raba na kuɗin yuro biyu a 2016, ta rage na takardun bashi a 2019. Da ta fito da Micro E-mini a Mayun 2019, dala 5 a maki, sabon kwantiragi fil, 0.25 ɗin dai ta sake manna masa.

47/
Dalilin da na fi gamsuwa da shi: babu kishiya. Hannun jarin Apple ana cinikinsa a kasuwanni sama da goma, in wannan ta yi tsada a koma waccan. A 2009 a Turai har yaƙin rage taku aka yi tsakanin sababbin kasuwanni da tsofaffi. Kwantiragin S&P 500 kuwa CME ce kaɗai ke da lasisinsa, kuma tun 2012 tana da kaso wajen kwata a kamfanin da ya mallaki ma'aunin kansa. In ba ka son takunta, ina za ka?

48/
Su ma masu alƙalamin sun canza. CME ta bar zama ƙungiyar 'yan rami a 2000, ta sayar da hannun jarinta ga jama'a a Disamban 2002. Yanzu a kan kowane kwantiragi take karɓar kuɗinta, don haka tambayarta ɗaya ce: in na rage, ciniki zai ƙaru? A kwantiragin da dama shi ne sarki, kuma manyan masu kawo mata oda suna cin ratar, ba ta da abin da zai hana ta barci.

49/
A Satumban 2024 SEC ta amince a sauko rabin senti ga hannayen jarin da ratarsu ke manne a ƙasa, irin hujjar Kurov da Zabotina sak. Amma ikon SEC bai kai kwantiragin ma'auni ba, rabon Shad da Johnson na 1981 ya ba CFTC wannan. A can kuma kasuwa ce ke gyara dokar kwantiraginta da kanta, ta miƙa wa hukuma takardar shaidar cewa gyaran bai saɓa doka ba. Takardar rage 0.25, CME ce za ta rubuta ta.